Ranar da Injiniya Ya Ƙwace Wayar Malama

Mama ce ta fara lura, ita kuwa Mama ba ta iya ganin abu ta haɗiye. Ɗanta Injiniya bai ko cire takalmi ba ta leƙo daga ɗakinta da ke jikin kicin, ta yafito shi da hannu.

"Shigo ka turo ƙofa. Ina kwandon maganin da ke kan firji?"

"Yana nan mana, Mama."

"Yana nan a bakinka. Matarka ta kwashe shi tas. Nawa na hawan jini ta kawo min nan, wai in kulle a akwati kamar gwal. Sauran ta zuba a leda ta sauka da su gidan Tela. Shekaranjiya jaka ce guda na ga ta fita da ita, ta dawo hannu rabbana."

Injiniya ya yi dariya, irin wadda ba ta wuce haƙora. Sunan nan nasa abokai ne suka laƙa masa don tsokana, shi dai mai gyaran waya ne a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar kasuwar kayan lantarki. Matarsa kuwa malamar 'yan nazare ce, shi ya sa kowa a benen nan yake kiranta Malama, har shi da ya aure ta. Tela maƙwabciyarsu ce a hawa na ƙasa, dattijuwa mai ɗinki wadda mijinta ya daɗe da rasuwa.

"Mama, tarkace ne take ragewa. Gidan ya yi mana ƙanƙanta."

"Kai dai yaro ne. Mace in za ta bar gida ba rana ɗaya take kwashe kaya ba, yau leda, gobe jaka. Ga fitar safe da ta tsiro da ita, wai miƙe ƙafa, mutumin da aka daɗe ana roƙo ya fito falo ya ƙi. Duk Talata bayan la'asar kuma ta shige ɗaki ta danna sakata. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

Ba mugunta ce da Mama ba, a yi mata adalci. Ita ta yi jinyar Malama lokacin da cikinsu na fari ya zo da gardama, jaririn ya koma tun bai yi kuka ba. Ita ta riƙe ta a asibiti, ita ta share mata hawaye da gefen mayafi. Sai dai a wurin Mama baƙin ciki yana da wa'adi, in ya cika sai mutum ya tashi ya kakkaɓe zani. Wata da watanni sun wuce, Malama ba ta koma makaranta ba, ba ta dariya, abinci sai ta tsakura. A lissafin Mama, yarinyar ta ɗora musu laifin rashin ne, zuciyarta kuma ta riga ta yi gaba.

Da wani ne aka faɗa wa wannan magana, da ya shiga ɗaki ya tambayi matarsa. Amma sana'ar Injiniya ta ɓata masa ido. Kullum mata na kawo masa wayoyin mazajensu, maza na kawo na matansu, kowa ya rage murya ya ce, "Injiniya, ɗan buɗe min wannan, na manta lambar." Ya ga abubuwa a sikirin ɗin mutane da ba su faɗuwa. Har taƙama yake a cikin abokai cewa shi daga yadda mutum ya ajiye waya a tebur yake gane mai ɓoye-ɓoye.

Sai ya fara kallon matarsa da wannan idon. Ya ga ta canza lambar sirri. Ya ga tana kife wayar in ya shigo. Ya ga sabon iyafis na sauraren waya a jakarta, ita da a da take cewa yana sa ta ciwon kunne. Datar da yake saka mata, wadda a da take kai wata har ta yi saura, yanzu ba ta kaiwa ko'ina. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ta fara ɗan warwarewa. Ran nan har ya ji tana rera waƙar yara ƙasa-ƙasa tana goge tebur. Maimakon ya gode wa Allah, sai zuciyarsa ta ce masa: kai ka yi ta lallashi ba ta saki fuska ba, to wa ya sakar mata ita?

Yana son matar nan, so mai zafi, tun ranar da ta kawo masa waya da fasasshen gilashi ta tsaya tana yi masa gardamar kuɗin aiki tana murmushi. Son ne ya sa ya kasa tambaya, don yana tsoron amsar.

Wata Talata ya rufe shago da wuri, ya hau benen a hankali kamar ɓarawo a gidansa. Ƙofar ɗakinsu a kulle. Ya kara kunne. Bai tsinci kalma ko ɗaya ba, amma ya ji muryar namiji, a natse, ba gaggawa, Malama kuma tana amsawa tana jan hanci. Ya juya ya ga Mama tsaye a bakin kicin ta naɗe hannu. Kai kawai ta gyaɗa masa.

Sati guda ya yi yana dafa abin a ciki. Da Talata ta zagayo, da safe, Malama na haɗa masa shayi, ya miƙa hannu ya zare wayar daga caja ya jefa a aljihu.

"Wayata ce ka ɗauka, taka na kan kujera," in ji ta.

"Na sani. Batir ɗinta zan duba."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ni ne mai gyaran ko ke?"

Ta ajiye cokali.

"Don girman Allah, Injiniya, ba yau ba. Ka riƙe ta gobe, ka riƙe ta har sati in kana so. Yau dai ka bar min."

"Me ke cikin yau ɗin? Wa za ki yi wa magana?"

Ta buɗe baki, ta kalli ƙofar kicin inda Mama ta fito, ta mayar da shi ta rufe.

"Biri ya yi kama da mutum," in ji Mama. "Ke 'yar nan, in zaman ne ya ishe ki, ki fito fili ki faɗa, ba sai kin riƙa yi mana kwashe-kwashe a ɓoye ba. Mu ma mun gaji. Kullum fuska kamar an aiko miki da mutuwa, gida ya yi wa kowa nauyi. Ke kaɗai kika taɓa yin rashi a duniya?"

Malama ba ta yi kuka ba. Da ta yi, wataƙila da ya mayar mata da wayar. Tsayawa kawai ta yi tana kallon tururin shayin, sannan ta ce a hankali, "Haka ne, Mama." Shi kuma ya fice ba tare da ya kurɓa ba.

Ranar nan aiki ya ƙi masa. Ya kunna fitilar tebur, ya buɗe wayar wani kwastoma, ƙananan kusoshin suka riƙa suɓuce wa ɗan tsinkensa suna faɗawa ƙasa. Wayar Malama na gefe cikin rigarta ruwan toka, da ɗan hoton tauraro da wani ɗalibinta ya manna mata. Buɗe irinta ba komai ba ne a wurinsa. Sau biyu yana jona ta da kwamfuta, sau biyu yana zarewa. Ya buɗe na mutane ba adadi, amma wannan ya kasa.

Bayan la'asar wayar ta yi haske, kiran bidiyo. Ya danna da ƙarfi har ta kusa zamewa.

Wani dattijo ne ya bayyana, da furfura a gemu da tabarau, bayansa kanta cike da littattafai. Ba irin fuskar da Injiniya ya kwana yana zanawa a ransa ba ce.

"Salamu alaikum. Da wa nake magana?"

"Da mijinta. Kai ne wa?"

"Ni likita ne, ɓangaren damuwa da lafiyar tunani."

"Likita? A waya? Me ke damunta da ni ban sani ba?"

"Abin da ke tsakanina da duk wanda nake gani amana ce, ba zan buɗe maka ba, ita ce mai wannan ikon. Amma ni ina da tambaya. Da yardarta wayar take hannunka?"

Injiniya ya ce, "Ɗauka na yi."

"An yi faɗa?"

"An ɗan yi magana."

"Tana ina yanzu? Akwai wani tare da ita?"

Muryar ba ta tashi ba, amma dattijon ya cire tabarau ya matso kusa da kyamara, wannan kuwa ya fi tsawa firgita Injiniya.

"Ka rufe shagon ka je ka same ta yanzu," in ji likitan. "Kada ka yi mata faɗa, kada ka tsare ta da tambayoyi. Ka zauna kusa da ita, ka ba ta wayarta. In ka je ba ka gan ta ba, ka kira lambar agajin gaggawa, sannan ka kira ni. Ina nan, ba zan tashi ba."

Ko kwaɗon shago bai tsaya ya datse ba, maƙwabcinsa mai sayar da caja ya bar wa. A hanya mota ta tsaya a cunkoso, ya sauka ya ƙarasa da gudu. Kwandon magani ne kawai yake yawo a kansa. Me zai sa mace ta fitar da duk maganin gida, ta ce wa surukarta ta kulle nata a akwati? Mai shirin tafiya gidan wani me za ta yi da maganin mura? Amsar ta zo masa yana hawan bene, sai da ya dafa bango.

"Ina take?"

Mama na zaune a falo da carbi. "Ta fita tun ɗazu, da silifas, ko jaka ba ta ɗauka ba. Na dai gaya maka..."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya sauko yana tsallake matakala, sai idonsa ya faɗa kan silifas ɗin a bakin ƙofar Tela, an jera su gefe ɗaya. Ya nufi ƙofar. Kafin ya ƙwanƙwasa Tela ta buɗe, da tef ɗin awo a wuya.

"Tana ciki. Cire takalmi, ka cire wannan fuskar ma ka bar ta nan waje. Ni zan hau wajen mahaifiyarka, muna da magana."

Malama na zaune a ƙasa kusa da keken ɗinki, da faranti a cinya tana ware maɓallai, farare gefe, baƙaƙe gefe. Ya durƙusa, ya ajiye wayar a gabanta da hannu biyu. Ya tuna an ce kada ya yi tambaya, sai ya zauna kawai, kafaɗarsa na taɓa tata.

"Ka yi magana da shi?" ta tambaya.

"Bai gaya min komai ba. Cewa kawai ya yi in zo."

Ta ɗauki maɓalli ɗaya tana juya shi.

"Tun da yaron nan ya koma, wani tunani yake zuwa min. Yakan ce ni nauyi ce a kanku, da babu ni da kowa ya huta. Da farko zuwa yake ya wuce. Daga baya ya zauna. Injiniya, har ta kai ina tunanin kashe kaina."

Ya ji maganar ta shige shi kamar ruwan sanyi. Ya so ya ce a'uzubillahi, ya so ya ce ta daina, amma ya danne harshensa.

"Da na koma asibiti awo, wata nas ce ta tsare ni da ido har na faɗa mata. Ita ta haɗa ni da masu kula da lafiyar tunani. Darussa ne a waya, ina bi kaɗan-kaɗan, duk Talata kuma in yi magana da likita. Koya min yake in kama tunanin in ya zo, in tsayar da shi kamar a gaban alƙali, in ce masa, ka ce ni nauyi ce, ina shaidarka? Sau da yawa sai in ga ba shi da ita. Fitar safen nan ma aiki ne aka ba ni, don kwanciya ita ke ciyar da shi. Maganin kuwa, an ce in nisanta kaina da duk abin da hannu zai kai gare shi a mugun lokaci, don lokacin wucewa yake in an ba shi dama. Jakar da Mama ta gani kayan jaririn ne, na kasa kallonsu, na kuma kasa bayarwa, sai na kai ajiya wajen Tela."

"Yau fa?"

"Yau ya zo da ƙarfinsa, ya ce to ga shaida, kin ji da kunnenki. Ba waya, ba likita. Amma mun riga mun tsara: in ya fi ƙarfina, kada in zauna ni kaɗai, in tashi in tafi wajen mutum. Shi ne na sauko."

Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba. "Me ya sa Tela? Ina kwana ɗaki ɗaya da ke, Malama. Me ya sa ba ni ba?"

"Likita ya ce in zaɓi wanda zan fara nema. Kai na so in faɗa wa. Kullum sai ya tambaye ni ko na shirya gaya maka." Ta ɗago ta dube shi, ba da fushi ba. "Na taɓa gwadawa. Na ce maka na gaji da rayuwa. Ka ce in yi istigfari in daina saɓo, ka juya ka ci gaba da aikin da ka zo da shi gida. Na yi istigfarin, wallahi, har yau ina yi. Amma na ji tsoron in na ƙara faɗa za ku ce imanina ne ya yi rauni."

Ya tuna ranar. Wayar wani ce da ta faɗa ruwa, ya cece ta kuwa, har aka yi ta yaba masa. Ya kife fuska a tafin hannunta ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da suka dawo daga asibiti hannu wofi.

Motsi suka ji a bakin ƙofa. Mama ce, Tela na bayanta. Ɗankwalin Mama ya karkace.

"Wato maganin da kika ce in kulle..." Ta tako ta zauna a ƙasa, duk da gwiwar da take kuka da ita, ta jawo kan Malama ta ɗora a ƙirjinta. "Ki yafe min, 'yata. Bakina ne ya riga hankalina. Gidan nan in babu ke kango ne, ki gaya wa wannan tunanin ni na ce, in shaida yake nema."

A nan ƙasan ɗakin Tela, cikin ƙyallaye da zare, Malama ta kira likitan, ta ce masa tana lafiya, kuma mijinta yana son ya ji yadda zai taimaka.

Kada wani ya ɗauka daga ranar komai ya warware. Ciwon da ya daɗe yana shiga ba ya fita da kuka ɗaya. An yi makonni masu sauƙi, an yi masu nauyi. Mama har gobe tana cewa ita dai ba ta taɓa jin an warke a waya ba, amma duk safiya ita ke riga kowa ɗaura takalmi, su fita miƙe ƙafa tana mita a kan gwiwa. Ran Talata kuwa ita ke rage sautin talabijin, ta kori mai sallama tun daga bakin bene. Injiniya ya koyi abin da ya fi kowane gyara wuya a wurinsa, wato ya saurari matsala ba tare da ya zaro sukundireba ba. Da sabon zango ya kama, Malama ta koma aji, yara suka yanyame ta har ta kusa faɗuwa.

Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya, balle wanda aka gina a kan leda da jaka. Wanda ya ga nasa ya canza, ya tambaye shi da taushi kafin ya tara masa shaidu, in kuma ya ce ya gaji da rayuwa, a ajiye duk abin da ke hannu a saurare shi. Addu'a da neman magani ba sa faɗa da juna. Haƙurin da Malama ta yi, na tashi kullum ta tuhumi tunanin da ke son hallaka ta, shi ne ya riƙe mata rai, ya kuma riƙe musu gida.

Wata ranar Alhamis da hantsi, shago cike, Injiniya ya buɗe cikin wata waya mai tsada, mai ita na tsaye a kansa yana duba agogo, sai tasa ta yi ƙara. Malama ce.

"Injiniya, yau ba daɗi. Ya dawo."

"Kina ina?"

"Ofishin malamai. Ban kira kowa ba tukuna, kai na fara kira."

Ya kashe fitilar tebur, ya tattara kusoshin a murfi, ya miƙe.

"Haba malam, aikina fa?" in ji kwastoman.

"Ka dawo gobe, ko ka kai gaba, duk wanda ya yi maka," ya ce, wayar na manne a kunnensa. "Ina jin ki, Malama. Ci gaba da magana, ga ni nan tafe."